Mu Masu Turken Pokémon

Kada kowa ya sunkuyar da kai, duk mun san juna. Mu ne waɗanda in an tambaye mu me muke so a wasan Pokémon sai mu gyara murya mu ce ai wasan zumunci ne, yaro da 'yar dabbarsa suna yawon duniya, daɗi da wuya tare. Allah ya shirye mu. Tun da kamfanin Game Freak ya fito da Ruby da Sapphire a 2002, ya kafa lissafin EV ɗin nan da muke bi har yau, zumunci ya koma turke. Mun ɗaure dabba kamar ragon layya, muna auna abin da zai shiga cikinta, muna latsa cinya muna gyaɗa kai.

Ga baƙon da ya zauna a tabarmarmu yau, abin haka yake: duk dodon da naka ya kayar yana bar masa ɗan maki a ɓoye, wani na gudu, wani na ƙarfin duka, wani na jure dukan. Gaba ɗaya ba a wuce 510, fanni guda kuma yanzu 252 ne iyakarsa, sannan sai maki 4 sun taru ake samun ƙarin 1 a mataki na 100. To, mutumin da ya sha tsallake taga ranar darasin lissafi, yau ka tashe shi cikin dare zai gaya maka 252 a raba gida huɗu 63 ne, a cika fanni biyu, a jefa 4 a na uku, saura 2 da ba sa tsinana komai. Kuma wallahi waɗannan 2 ɗin suna damunmu.

Dubi yadda muke yi da Zubat. Jemagen nan da muke tsine wa a kowane kogo, har muna sayen maganin korarsa, ranar da muke neman makin gudu mu ne da sallama a ƙofar gidansa. Shi da Magikarp, kifin da bai iya komai ba sai tsalle. Ka zauna kana kayar da su ɗaya bayan ɗaya, kana jan layi a bayan kwalin ashana, ka yi huɗu ka soke da na biyar, sai a ƙwala maka kira daga cikin gida a aike ka sayen gishiri. Ka dawo, a 87 ka tsaya ko a 78? Shi ke nan an koma gidan jiya. Sai ka ɗauko 'ya'yan Tamato kana ɗura wa dabba, kowane ɗaya na goge maki 10, ita kuwa baiwar Allah ƙaunarka ce ke ƙaruwa a ranta, don haka aka tsara 'ya'yan itacen.

Muna son ta yi gudu, sai mu rataya mata Macho Brace, abin da ke ninka maki amma ya raba gudunta biyu a fagen daga. Cuta kuwa, mu kaɗai ne a duniya muke roƙonta. Pokérus ke nan, wadda ke ninka maki, kuma sa'ar kamuwa da ita 3 ce cikin 65,536. Wanda ya samu ba ya neman magani, ajiye mai cutar yake a akwatin kwamfuta kafin sha biyun dare don kada ya warke, abokai na bin sa da "ɗan shafa mini mana, don Allah."

Da X da Y suka zo a 2013 da Super Training, inda ake harbin manyan balan-balan da ƙwallo ana dukan buhun dambe a allon ƙasa na 3DS, mun yi guɗa, mun karce allon har ya yi zane, sannan muka juya muka ce yaran yanzu a ɓagas suka samu. Sword da Shield a 2019 suka cire ƙayyadewar da ke kan bitamin, kwalba 26 a kan 10,000 kowace, sun gama maka fanni guda. Muka ce kuɗi ya ɓata sana'a, muna faɗi muna kan layin kanti.

Maganar ƙwai kuwa a bar kaza cikin gashinta. Keke muke hawa muna kai da komo a titi ɗaya, mu ƙyanƙyashe akwati guda, duk wanda aka haifa da makin gado 30 maimakon cikakken 31 mu sallame shi daji, wai mun ba shi 'yanci.

Duk wannan wahala don wa? Zakaran cikin labari dai da dabbarmu ta farko muke kayar da shi, wadda ta ci duk abin da ta tarar a hanya. Kare kanmu ɗaya ne: a 2014 Se Jun Park na Koriya ta Kudu ya ci gasar duniya a Washington da ɗan kurege Pachirisu cikin tawagarsa, ɗan hakin da aka raina ya tsone wa manya ido. Tun daga ranar kowannenmu ke ganin saura ƙiris shi ma, alhali ko ƙanensa bai gama dokewa ba.

Wanda dai ke da Ditto, dodon da ake haɗawa don samun ƙwai, mai makin gado 31 a fanni shida ya taimaka ya ara mana. Ya kuma sani tun yanzu, ba mayarwa za mu yi ba.