Ranar da Na Je Roƙon Sola Gidan Dillalin Janareta

A ƙarshen shekarar 2023, bayan na gama bautar ƙasa na dawo Kano ina ta zaman kashe wando, wata ƙungiya mai zaman kanta ta ɗauke ni aikin sanin makama. Ƙungiyar tana koya wa matasa haɗa sola da gyaranta, don su samu abin yi, gari kuma ya huta da hayaƙi. Na zaci filaya da waya za a miƙo mini, sai aka tura ni sashen tara kuɗi. Albashi babu, sai kuɗin mota da addu'a.

Da na yi wa Inna bayanin aikin, sai ta riƙe haɓa ta ce, "Ɗan nan, ashe roƙo ka je ka karanto a jami'a? Ai da ka faɗa tun farko, da kalangu muka saya maka, an huta."

Hajiya shugabarmu ta zaunar da ni ta ɗura mini alƙaluma. Bankin Duniya ya ce a 2021 'yan Najeriya miliyan 85 ba su da wutar lantarki. A shekarar ce Shugaba Buhari ya yi alƙawari a taron sauyin yanayi na Gilasgo cewa zuwa 2060 ƙasar za ta daina ƙara wa sararin samaniya hayaƙi mai ɗumama duniya. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 600 cikin wata biyu. Na haddace su tsaf kamar karatun allo. Da yake masu ba da tallafi na ƙasashen waje sai an cike musu takardu an yi ta jiran tsammani, Hajiya ta ce bana attajiran gida za mu nufa. Za a kafa gidauniya, ni kuma in je in samo babban mai ƙaddamarwa. Ta ba ni wasiƙa da kwatancen gidan wani Alhaji, amma ba ta gaya mini sana'arsa ba.

Na tarar da falon baƙi maƙil: ga 'yan kwamitin masallaci, ga mai takardar asibiti, ga wani dattijo da zai aurar da 'ya. Da layi ya zo kaina na durƙusa na kwashi gaisuwa.

"Samari, me ke tafe da kai?"

Sai na buɗe baki. Na zuba miliyan 85, na zuba 2060, sannan na sauka a kan janareta. Na ce yana shan mai, yana hana makwabta barci, hayaƙinsa kuma yana kashe iyali sukutum in an kwana da shi a ɗaki rufe. Wani bafade ya fara tari yana ƙifta mini ido, na ɗauka hazo ne ya shige masa. Na ƙara murya na ce, "Ranka ya daɗe, masu shigo da janareta ƙasar nan su ne ba sa so a gyara wuta, kuma Allah zai tambaye su!"

Falo ya yi tsit. A lokacin ne idona ya kai kan kalandar bango. Hoton Alhaji ne a tsakiya yana murmushi, janaretoci manya da ƙanana sun kewaye shi.

"Ka gama?" in ji shi. "To da janaretan nan na gina falon da kake durƙushe a ciki."

Na fara laluben ƙofa da ido, sai ya tuntsire da dariya, fadawa suka taya shi. Daga nan ya gyara zama ya jero mini tambayoyi. Nawa ne faranti ɗaya? Shekara nawa batir yake yi? Tela mai keken lantarki, cikin wata nawa zai mayar da kuɗinsa? Na sake jawo masa taron Gilasgo. Ya ɗaga mini hannu.

"Yaro, 2060 ina kabari. Lissafin wata shida nake tambayarka."

Duk da haka ya ce zai zo, wai yana so ya ga abin da zai kashe masa kasuwa.

Aka sa taro a watan Disamba, hunturu ya kankama. Tsarin Hajiya shi ne fitilu da lasifika duk su yi aiki da sola, baƙi su gani da idonsu. Ɗalibanmu suka kafa faranti a harabar zauren tun kwana biyu kafin taron. Kano tana arewa da tsakiyar duniya da kusan digiri 12, don haka faranti kudu yake kallo, a ɗan karkace, kuma lokacin hazo sai ana goge shi, in ba haka ba ƙura ta tare hasken. Duk sun yi yadda aka koya musu. Abin da ba a lissafa ba shi ne baba maigadi. Bawan Allah ya ga bai dace kaya masu tsada su juya wa gabas baya ba, ya juyar da su alƙibla don albarka. Da dare kuma ya buɗe cajin waya da na fitila ga unguwa baki ɗaya, yana karɓar na goro.

Ranar taro zaure ya cika da manyan riguna. Hajiya ta karɓi makirfo, ta ɗaga hannu ta ce, "Jama'a, daga yau mun yi bankwana da duhu!" Ɗif! Fitila da lasifika suka mutu tare. Ana ta salati, Alhaji ya yafito direbansa ya raɗa masa magana. Kafin a gama raba ruwan leda, sai ga a-kori-kura ɗauke da janareta sabo fil. Haka aka ƙarasa taron yaƙi da janareta, masu jawabi suna ɗaga murya don su danne rugugin janareta.

Da aka zo ƙaddamarwa, Alhaji ya miƙe ya ce gudummawarsa ita ce injin nan da jarkar mai. Zaure ya ɗauki tafi. Sauran attajirai suka yi ta ambaton miliyoyi, sanƙira yana wasa su, ni ina rubutawa hannuna har rawa yake. Washegari na gane cewa alƙawari kaya ne, amma a harkar gidauniya ɗan koyon aiki ne ɗan dako. Wannan ya tafi Umara, wancan yana ganawa, wani kuma ya ce in dawo bayan salla, bai ce wace salla ba. Wanda ya fi kowa ɗaga murya a taron ya sallame ni da turmin atamfa.

Janareta kuwa ya zame mana ƙarfen ƙafa, don ba ya shiga rahoton ƙungiyar da ke wa'azin sola. Aka ce in je in sayar a sayo batir. Na zaga kasuwa, shagon Alhaji ne kaɗai ya taya, shi ma da ragi, wai ai ya zama na hannu.

A 2024 kuɗin wutar 'yan rukunin A ya tashi daga naira 68 zuwa 225 a kan yunit, litar mai kuma ta haura naira 1,000 kafin shekarar ta ƙare. Na bi ta gaban shagon Alhaji, sai na tarar rabinsa ya koma faranti da batir, yaran da ƙungiyarmu ta horar su ne suke bin gidajen masu saye suna kafawa. Abin da wa'azina ya kasa, farashin mai ya yi shi.

Saboda haka, ƙanina da za a tura neman tallafi, ka san farashin hajarka kafin ka haddace alƙaluman taron duniya, ka tambayi sana'ar maigida tun daga bakin ƙofa, in kuma bafade ya yi maka tari, ka yi shiru.