Baƙon da Ya Ƙi Tafiya Bayan Biki

Malamanmu na fiƙihu, Allah Ya saka musu da alheri, ba su bar mu cikin duhu game da sha'anin gashi ba, domin duk wanda ya yi karatun zaure har ya kusa ƙarshen Risala ta Ibnu Abi Zaid, mutumin Ƙairawan, ya san akwai babi a kan fiɗira, inda aka lissafa rage gashin baki, da yanke farce, da tsige gashin hammata, da aske na mara, da kaciya. Kuma ya tabbata a hadisi cewa huɗun farko ba a barinsu su haye dare 40. Har wasu masu tafsiri sun hikaito cewa nura, watau haɗin nan da mutanen dā suke zubar da gashi da shi, saboda Bilƙisu aka fara yin ta a zamanin Annabi Sulaimanu, alaihis salamu. Amma duk daɗewata a gaban malamai ban taɓa jin an biya mas'alar gashin da aka tsige, ya yi zuciya, ya sake tsirowa, sa'an nan ya ƙi leƙowa waje, ya nannaɗe a ƙarƙashin fata kamar wanda ake bi bashi ya ji sallamar mai kuɗi ba. Wannan babi a gidana na karanta shi, kuma da kuɗina.

Sababinsa shi ne auren 'yar ƙanina, yarinyar da ta tashi a hannuna. Da lokaci ya matso uwargida ta kawo mini takarda mai tsawon rawani, wadda bayan gado da kujeru da gara, can ƙasa, aka rubuta: dilka da halawa. To, ni abin da na sani na Larabci shi ne halawa tana nufin abu mai zaƙi, kuma daga gare ta muka samu alewarmu. Saboda haka na gyara tabarau, na dubi adadin kuɗin, na ce ko yaran unguwa bakwai za a raba wa, lalle wannan israfi ne. Ta dube ni irin duban da malami ke yi wa gardin da ya shekara goma bai haye izu ɗaya ba, ta ce, "Malam, ba ta ci ba ce."

Ashe sukari ne da ruwa da lemun tsami ake dafawa har su yi danƙo, a bari ya huce, a murza, a shimfiɗa a fata, a fizge, ya taho da gashi tun daga saiwarsa. Sana'a ce da aka san matan Sudan da ita, kuma a ƙasarmu matan Borno, Shuwa da Barebari, su ne suka yi suna a kanta, kafin ta kai yau kowace unguwa a Kano da Kaduna tana da mai gyaran jiki wadda za ta rantse maka a hannun wata Basudaniya ta koya. Turawa kuwa da narkakken kaki suke tasu, su manna ƙyalle su fizge. Mazhaba ce ta bambanta, azabar ɗaya ce.

Ranar da mai halawa ta zo ina zaure ina muraja'a, sai na ji wani salati ya taso daga cikin gida, irin wanda ban taɓa jin yarinyar nan ta yi ba ko a daren 27 ga Ramadan. Na zabura da sanda, ina zaton maciji ne, aka tare ni a bakin ƙofa aka ce, "Malam, koma, gyara ake yi." Na koma na zauna ina mamakin gyaran da ake neman agaji a cikinsa.

An yi kamu, an ɗaura aure, an kai amarya tana sheƙi kamar sabon kwanon sha, baƙi sun ci sun watse. Bayan kamar mako 2 waya ta buga. Amarya ce take kuka ƙasa-ƙasa, wai ƙwaurinta da hammatarta sun cika da ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi, kowanne da ɗigon baƙi a tsakiyarsa.

A nan ne na ga yadda al'ummarmu ta wadata da likitoci, domin kafin la'asar tsakar gidana ta zama majalisar shura, kuma ko da yake ba a samu ijma'i ba, ba a rasa fatawa ba. Gwaggonta ta ce bakin mutane ne, tun ranar kamu ta lura da wata daga dangin ango da ta ce "kai, fata!" ba ta haɗa da tabarakallah ba. Kakarta ta ce iska ce, ai ta hana yarinyar nan fita da almuru ba ta ji. Wata maƙwabciya ta ce a shafa makilin, wata ta ce tafarnuwa, wata ta ce a goga lemun tsami, alhali lemun tsamin nan yana cikin waɗanda ake tuhuma. Ƙawayen amarya kuma, waɗanda iliminsu duka a waya yake, suka ce a nemi man bilicin ya share tabon, watau a kashe gobara da kananzir. Kowace ta rufe zancenta da cewa mujarrabi ne. Ƙanwar amarya ba ta tsaya jiran hukunci ba, ta ɗauki allura da hantsaki da fitilar waya ta nufi gidan yayarta, ta duƙufa a kan ƙwaurin nan kamar masu haƙar kuza a Jos, ta wuni ta ciro gashi uku, ta bar ramuka goma sha. Garin neman gira aka kusa rasa ido.

Sai da dare wata malamar asibiti da ke haya a kusa da mu ta shigo aron rariya, ta ji ƙarshen muhawarar, ta warware ta a tsaye. Ta ce gashinmu na baƙar fata a murɗe yake tun daga ramin da yake tsirowa, to idan aka tsige shi, ko ya tsinke a ƙarƙashin fata saboda hannun mai fizga bai daidaita ba, sabon da zai biyo baya siriri ne marar ƙarfi. In ya tarar matacciyar fata ta toshe masa ƙofa sai ya lanƙwashe ya ci gaba da girma a ciki, jiki kuwa ya ɗauke shi ƙaya, ya taso masa da kumburi da ƙaiƙayi, wani lokaci har da mugunya. Ta ce fatarmu tana da riƙo, duk inda aka ji mata ciwo sai ta bar baƙin tabo da zai yi watanni, saboda haka allurar ƙanwa ta fi gashin ɓarna. Magani kuwa: a jiƙa tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi a ɗora na minti 10, sau biyu ko uku a wuni; a riƙa cuɗa wurin a hankali; a daina tsige da aski har ya lafa; a sa sakakkun tufafi; idan gashin ya nuna kansa a ɗago bakinsa kurum, kada a tone; in kuwa wurin ya yi zafi ya tara ruwa, a tafi asibiti.

Majalisa ta yi tsit, kuma na fahimci ba ta gamsu ba, domin a wurinmu maganin da ba a saya da tsada ba, kuma ba ya raɗaɗi, ba a lissafa shi cikin magunguna. Batun sakakkun tufafi ma ya zo a makare, tun da telan amarya ya ɗinka mata kaya goma sha biyu waɗanda ba a shigarsu sai da mataimakiya da riƙe numfashi. Dilka kuwa, wadda aikinta ke nan na kankare matacciyar fata, masu ita a Sudan al'adarsu ce ta yau da kullum. Mu mun mayar da ita ibadar mako guda, kamar mai salla ranar idi kaɗai.

Kada 'yan'uwana maza su yi dariya da yawa, domin laifi tudu ne. Duk mai shakka ya je masallacin Juma'a ya tsaya a sahu na biyu, ya ɗaga ido kaɗan (Allah Ya gafarta mana ƙarancin khushu'i) ya karanta ƙeyoyin da ke gabansa, zai ga illar nan dai, sai dai tasu reza ce ta haifar da ita, tun da askin ƙwal yana barin gashi da tsini kamar mashi, ya juyo ya soki mai shi. Na ga magidanci mai 'ya'ya tara yana shafa wa ƙeyarsa man birki na mota, hawaye na zuba, yana cewa, "Alhamdu lillahi, yana ci." Kuma ina da zato, ko da yake sashen zato zunubi ne, cewa cikin gemunan da muke gani a gari akwai waɗanda ƙuraje ne suka fara yi musu wa'azi kafin malami ya iso.

Amarya dai ta warke, da ruwan ɗumin nan da aka rena, ko da yake gwaggonta ta danganta abin ga rubutun da ta aika. Ni kuwa shekaranjiya uwargida ta same ni a bayan ɗaki da madubi a hannun hagu, da allura a dama, ina farautar wani abu a ƙarƙashin haɓata. Ta karɓe allurar, ta ce ta ɗinkinta ce, sa'an nan ta ajiye mini wata takarda, domin an sa ranar ƙanwar amarya bayan Babbar Salla, kuma kuɗin halawa ya ninka. Na sa aka kira yarinyar, ita wannan mai haƙar kuza, na tambaye ta ko ta manta abin da idonta ya gani a ƙwaurin yayarta. Ta durƙusa, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Baba, ai waccan mai halawar ce ba ta iya ba."