Yaron da Muka Ɗauka Aikin Kaɗa Maus

A shekarar 2002, duk wanda ke da wayar tarho ta girke a gidansa a Kontagora ba ƙaramin mutum ba ne. Kafin salula ta shigo a 2001, layukan da ke aiki a Najeriya kaf ba su kai rabin miliyan ba, salular kuma da ta zo sai ta fara yada zango a Legas da Abuja, mu sai dai labari. Alhajin da nake hayar shago a jikin gidansa yana cikin masu layi. Wayar tana falo a kan ɗan teburinta, an lulluɓe ta da farin ƙyalle mai ado, yara ba sa wucewa ta gefen.

Ni kuwa sana'ata buga takardu: aikin kammala karatu na ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Tarayya, takardar neman aiki, katin ɗaurin aure. Kwamfutata ta gwanjo ce daga kasuwar Ikeja, Pentium mai Windows 98, wadda ta gama bautar wani ofis a Turai kafin ta zo ritaya wurina. Muna zaune lafiya har wani ɗan bautar ƙasa ya zuga ni. Ya ce da modem da layin Alhaji zan zama mai intanet, mutane su riƙa layi suna biya don aika imel. Kamfanin da ke sayar da intanet babu shi a garin, sai dai a sayi awoyi a Kaduna a riƙa buga lamba mai farawa da 062. Alhaji ya yarda bisa sharaɗi biyu: sai bayan sallar isha'i, kuma kuɗin waya a kaina. Muka jawo igiya ta taga.

Modem ɗin ya iso a cikin baƙar leda, babu kwali, babu takarda. Kati ne kore kamar faɗin tafin hannu, da haƙoran zinariya a gindinsa. Muka kwance kwamfuta muka cusa shi, muka ce ta nemo sabon baƙo. Ta yi ta gurnani tana tunani, can ta ce ba ta ga kowa ba.

Na kira Injiniya mai gyaran talabijin na bakin tasha. Ya zare katin, ya hura shi, ya goge haƙoran da robar goge fensir, wanda a gaskiya dabara ce mai kyau a garin da ƙurar hunturu ke shiga har cikin tukunya. Ya mayar. Shiru. Ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Malam, wutar garin nan ce ta yi masa nauyi. Ka ga muna kusa da Kainji, tana isowa ba ta gaji ba."

Na ce, "Injiniya, wutar da rabin yini ba ma ganinta?"

Ya ce ai shi ya sa, idan ta zo da fushi take zuwa. Ya karɓi kuɗin ganin ido ya tafi.

Ɗan bautar ƙasa ne ya fi shi tsari. Ya buɗe wata manhaja mai suna HyperTerminal, farin allo fayau, ya ce tun 1981 da kamfanin Hayes na Amurka ya fito da nasa modem ɗin, yawancinsu yare ɗaya suke ji: ka rubuta AT, idan yana raye ya amsa da OK. Kwamfuta tana da ƙofofin magana da ake kira COM. Ya rubuta a ta biyu, shiru. Ya koma ta uku, shiru. Ya juya zai ce mini an sayar mini da gawa, sai gwiwar hannunsa ta bugi maus. Nan take OK ya bayyana a allo.

Muka dubi juna. Ya sake rubuta AT, babu amsa. Ya ɗan tura maus da yatsa, sai ga OK.

Bayanin da ya yi mini daga baya shi ne wannan. Duk na'urar da ke cikin irin waɗannan tsofaffin kwamfutoci tana da layin da take bi ta ja hankalin ƙwaƙwalwar injin, ana ce masa IRQ, kuma guda 16 ne kacal. COM1 da COM3 layi na 4 suke rabawa, COM2 da COM4 kuma na 3. Maus ɗina tsohon yayi ne mai soket na ƙusa tara, yana zaune a COM1. Wanda ya yi amfani da modem ɗin a Turai ya bar shi a COM3. Kishiyoyi ke nan aka haɗa wa ranar girki ɗaya: amarya na ta sallama a ƙofar turaka, maigida ba ya ɗaga kai sai ya ji tarin uwargida. Maganin shi ne a matsar da wasu 'yan baƙaƙen robobi da ke kan katin, amma ba mu da takardar da ke nuna wacce ake matsarwa zuwa ina, shi kuma ɗan bautar ƙasa hutun Kirsimeti ya zo, ya hau motar garinsu.

Na riga na biya kuɗin awoyi. Don haka na kira yaron shagona, ɗan aji biyu a ƙaramar sakandare, na ce daga yau yana da ƙarin albashi. Aikinsa ɗaya: ya zauna a kan benci ya riƙa kaɗa maus, kada ya tsaya.

Daren farko kwamfuta ta ba mu lamba 680, wato ba ta ji sautin layi ba. Ashe ramuka biyu ne a bayan katin, ɗaya na igiyar bango, ɗaya na kan waya, Injiniya kuma ya zaɓi wanda ya fi kusa da hannunsa. Da muka sauya, abin ya buga Kaduna. Wanda bai taɓa jin kukan modem ba, ba zan iya kwatanta masa ba: fito, sai ƙara, sai shuuu mai tsawo. Mai shayin ƙofar gida ya leƙo da ludayi a hannu yana tambaya ko lafiya.

An rubuta kilobit 56 a jikin katin, amma layinmu ko rabin haka bai taɓa ba mu ba. Shafin Yahoo yana saukowa layi-layi daga sama, yaro na kaɗawa. Idan sauro ya cije shi ya saki maus don ya yi susa, shafin ya tsaya cak.

"Kai, kaɗa mana!"

"Oga, hannuna ya sage."

"Sauya hannu."

Wani malamin kwaleji da ke jiran amsar neman gurbin karatu daga Ingila ya zo a dare na gaba, ya zauna yana kallon yaron da girmamawa, har ya saya masa shayi da burodi don kada ya yi gyangyaɗi. Duk da haka ya yi. Wasiƙar ta tsaya daidai kan gaisuwa. Muka tashe shi, ta ƙara layi biyu, sai Hajiyar gidan ta ɗaga waya a falo za ta kira 'yarta a Minna, ta ji shuuu a kunne, ta yi salati ta kife. Layi ya yanke. Malamin ya koma gida bai san ko an ɗauke shi ba.

Da ɗan bautar ƙasa ya dawo a Janairu, ya zo da zanen da wani abokinsa ya yi masa a bayan ambulan. Ya ari hantsaki, ya ciro 'yar robar da ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba, ya matsar da ita. Ya shiga shuɗin allon BIOS ya rufe COM2 ta jikin injin don modem ya gaje wurin. Abu ya yi aiki ba tare da kowa ya taɓa maus ba. Cikin dare aka ɗauke wuta. Da safe modem ya sake ɓacewa, kwamfuta kuma ta tashi tana rantsuwa cewa yau 1 ga Janairun 1997 ne. Batirin da ke riƙe mata tunani idan babu wuta ya mutu, don haka duk abin da aka gaya mata jiya ta manta, ta sake buɗe ƙofar da muka rufe. Wani tsoho mai gyaran agogo a kasuwa ya juya mataccen batirin a tafinsa, ya karanta 2032 da gilashin ido ɗaya, ya zaro sabo daga gwangwanin alewa.

Daga ranar intanet ya zauna daram, yaro ya rasa ƙarin albashi, ya daina gaishe da ɗan bautar ƙasa. Mu kuwa da muka ga babu mai gajiya, sai muka riƙa kaiwa tsakar dare, muka manta kowane minti kiran Kaduna ne.

Ƙarshen wata Alhaji ya shigo shagon da kansa, takardar kuɗin waya a hannu ɗaya, almakashin Hajiya a ɗayan. Bai amsa gaisuwata ba. Ya ajiye mini takardar a kan kibod, ya nufi taga. Ina cikin ƙirga sifilai sai na ji muryar yaron daga kan benci:

"Ranka ya daɗe, lokacin da ni ke kaɗawa ai ba a taɓa wuce ƙarfe goma ba."