Ku da kuka ce mutum 400 ba su isa a yi musu rubutu ba

Na san halinku. Da jin an ce Uruangnirin kun taɓe baki, wani ma ya ce, "Malam, wannan maganin tari ne ko sunan aljani?" To, ku gyara zama. Harshe ne, kuma yana da masu shi: mutanen Tarak da Faor a ƙananan tsibiran Karas, yankin Fakfak na Papuwa ta Yamma, ƙasar Indonesiya. Masunta ne, manoman gyaɗar ƙamshi. Ƙiyasin 1983 ya ce kusan mutum 400 ke yin sa.

Na ji Hajiya daga can baya: "Ɗari huɗu? Ai bikin 'yata ya fi haka jama'a!" Ban musa ba, Hajiya, Allah ya sanya alheri. Amma ki tambayi danginsa kafin ki raina shi. Gidan Austronesiya ya fito, gida mai harsuna fiye da 1,000, daga Malagasi na Madagaska har Mawori na Niyu Zilan. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne maƙwabtansa na babban tsibirin Karas, masu harshen Kalamang. Ba danginsa ba ne ko ta wajen kaka, amma wasunsu na jin Uruangnirin, saboda zaman tare. Shi ma Kalamang ɗin ƙafarsa ɗaya na kabari.

Me ke cinye harsunan nan biyu? Ba yaƙi, ba annoba. Makaranta da ofis sai harshen Indonesiya, kasuwa da hira sai Malay irin na Papuwa. Uwa ta yi wa yaro magana da harshen kakanni, ya amsa mata da Malay, a yi dariya, a wuce.

Yanzu kuna cewa, "Allah sarki, to ina ruwanmu?" Sannunku da rashin ruwa! Ina harshen Ajawa na ƙasar Bauci? Ina na Auyokawa da Teshenawa a Jigawa? Ba Bature ne ya haɗiye su ba, ba kuma Malay ba. Hausar nan ce da kuke karanta ni da ita, ta lanƙwame su ko gyatsa ba ta yi ba. Alhaji mai maganin tari, kafin ka ƙara yi wa mutanen Tarak dariya, je ka tambayi kakarka da wane harshe aka yi mata rarrashi tana goye.