Koken Sabon Shiga Zuwa ga Shugaban Ƙungiyarmu ta Jaruman Salula

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da dattawan ƙungiya da mai rabon ganima. Ina gajiya, ina fama da jama'a? Ranka ya daɗen nan na muƙami ne, domin ranar da ka buɗe baki kana ba da umarni a fagen yaƙi na ji muryarka ba ta gama fashewa ba, na kuma ji wata baiwar Allah daga bayanka tana cewa ka ajiye wayar nan ka zo ka ci abinci. Ba komai, sarauta ba ta duba gemu. A gaishe min da Inna.

Mai wannan takarda shi ne yaronka na can ƙasan jerin sunaye, mai sandar gora da riga mai faci. Daga Mai Yara nake, a gundumar Dakoro ta jihar Maradi, yankin da gonakin gero suke fara janyewa suna bar wa makiyaya fili. Na samu saƙonka mai jan rubutu, wanda ka ce duk wanda ya ƙara fashin yaƙin ƙungiya za a share sunansa. Kafin a share ni ina roƙon a saurare ni, ko ɓarawon akuya ma akan bar shi ya yi magana a gaban mai gari.

Ba da wasa na shigo wasan nan ba. Mu da muka tashi muna leƙen fim ɗin 'yan Sin ta kafar zana, janareto na kuka, mun daɗe da wannan ciwo. Bruce Lee ya rasu tun 1973, kafin a haife mu, amma har yau in yara biyu suka ɓata a bakin rijiya sai ɗaya ya shafi hanci da babban yatsa ya yi ƙara. Jet Li kuwa, tun fim ɗinsa na haikalin Shaolin na 1982, ya sa yara da yawa sun faɗo daga katanga. Saboda haka da aka ce min akwai wasan da mutum zai shiga ta intanet ya zama jarumi, ya riƙa tsalle bisa rufin gidaje yana gudu a kan ruwa tare da dubban mutane na ƙasashe daban-daban, ban nemi shawarar kowa ba.

Da farko aka ce in zaɓi gidan da zan koyi faɗa. Aka nuna min Shaolin, wanda haikali ne na gaske a lardin Henan, an gina shi tun shekara ta 495, sai dai sharaɗinsu aski ƙwal da ƙauracewa nama, ni kuwa ban ga laifin da tsire ya yi min ba. Aka nuna min Wudang, masu takobi da tafiya a hankali a tsaunukan Hubei. Aka nuna min Emei, aka ce na mata ne. Can sai ga gidan mabarata, wanda marubucin nan na Hong Kong, Jin Yong, ya fito da sunansa a littattafansa: makaminsu sanda, babbar fasaharsu dukan kare, girman mutum a cikinsu kuma da yawan jakunkunan da ya rataya ake gane shi, mafi girma mai tara. Na dubi aljihuna, na dubi mabarata, na ga babu dalilin yi wa kai ƙarya. Dukan kare kuma ba sai an kai ni Sin ba.

Daga nan aka ce gida dabam, ƙungiya dabam. Gida shi ke koya maka faɗa, ƙungiya ita ce jama'ar da za ka riƙa fita da su, ku kare sansaninku, ku kashe dodon da mutum ɗaya ba ya iya kashewa, ku raba abin da ya zubar. Na aika da takardar neman shiga wurare da dama, ku kaɗai kuka karɓe ni. Na gode. Daga baya ne na lura kuna neman cikon mutum ne don a ɗaga darajar ƙungiya, amma wanda aka ba rance ba ya duba fuskar mai bayarwa.

To ga inda kukana ya fara. Na zaci ranar farko za a miƙa min takobi. Sai aka ce in je in saro itace. Na kawo, aka ce in ɗebo ruwa. Na ɗebo, aka ce in tsinko ganyen magani, in kai wa wani tsoho wasiƙa a ƙauyen gaba, in kori aladun daji daga gonar wata gwauruwa, sannan in zo in nome gonar ƙungiya don a rubuta min maki na gudummawa. Ranka ya daɗe, ni da na wuni da hauya a hannu tun hantsi, na dawo na kora shanu suna jan guga daga rijiyar da in ka leƙa ba ka hango ruwanta, na biya kuɗi na sayi forfen intanet don in huta in zama jarumi, sai ga ni ina noma da babban yatsa. Gonar gidanmu ko ba komai tana ba ni fura. Taku kuwa ko zangarniya ɗaya ban gani ba. Da Baba ya san akwai wata gona da nake nomewa da dare ba tare da an tashe ni da tsawa ba, da ya nemi a haɗa shi da kai ya ji sirrin.

Sai batun yaƙin da ake zargina da gudu. Kun sa shi ƙarfe takwas na dare agogon Faransa, saboda yawancinku can kuke. Da damina agogon Faransa yana gaban namu da awa ɗaya, wato ƙarfe bakwai ke nan a Mai Yara, daidai lokacin da ladan yake kiran magariba. Ka gaya min da wane baki zan ce wa liman ya dakata ana kai wa sansaninmu hari. In aka sallame kuma sai a shigar da awaki, a ba jaki dusa, a zauna cin tuwo, kuma a gidanmu ba a cin tuwo da waya a hannu. Kafin in wanke hannu an ci ku ko kun ci.

Ko da na samu sarari, akwai maganar rezo, wato sigina ta waya. A unguwarmu wuri ɗaya yake tsayawa da ƙafafunsa, bisa wani tudu a bayan gari, gindin wani gawo. Gawo kuwa, in ba ka sani ba, itace ne mai taurin kai: da damina yake zubar da ganye, lokacin da kowace bishiya take tohowa, don haka in hadari ya taso babu abin da zai kare ni da salular. A nan nake tsugunawa, sauro na karɓar nasa rabon. Kai in ka danna naushi, nan take yake sauka. Nawa sai ya hau eriya, ya gangara kudu, ya tsallaka iyaka, tunda Nijar ba ta da bakin teku, ya bi ta Kwatano ko Legas, ya nutse cikin wayar ƙarƙashin ruwa har Turai, sannan a aiko min da labarin abin da ya faru. Labarin kuma kullum ɗaya ne. Hoto ya daskare ina tsaye hannuna a sama, in ya dawo in tarar da kaina kwance, an kwashe min kaya, abokin gaba har ya taka rawa a kaina ya wuce. Wannan shi ne kuka rubuta a littafinku da sunan rashin ƙwazo. Ban ma kawo zancen batir ba, wanda sai na kai wa mai caji dala ashirin, in rana ta yi masa kirki ta haska farantinsa.

Da na kai kuka wurin mataimakinka, sai ya ce in shiga kanti in sayi ƙarfi. Na shiga na gani. Ana sayar da takobi mai walƙiya, da doki mai fuka-fuki, da ƙwayar da in ka haɗiya za ta ba ka ƙarfin cikin da wani ya yi wata yana zaune yana tarawa. Har da wani akwati da ba a gaya maka abin da ke ciki sai ka biya ka buɗe. Na kwatanta wa malaminmu shi ba tare da na faɗi inda na gan shi ba, bai bari na ƙarasa ba ya ce caca ce. Ba shi kaɗai ba ne: hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke irin wannan hukunci tun 2018. Duk kuma da katin banki ake saye, mu kuwa ajiyarmu a rumbu take ko a turke. Shin in sayar da ɗan akuya in sayi dokin da ba ya cin harawa, ba ya kuma kai ni kasuwar Dakoro? Af, tunda an zo maganar doka, a Sin ɗin da muke kwaikwayo, tun 2021 an taƙaita wa duk wanda bai kai shekara 18 ba wasan intanet zuwa awa uku a mako. Ban ce da kai nake ba, ranka ya daɗe. Labari ne kawai.

Abin da ya fi ci min rai shi ne kuna kiran wannan abu ƙungiya, alhali mu nan mun san yadda ake shigar da yaro cikin masu ƙarfi. In kaka ta yi, an ɗaure dammunan gero, wata ya fito, sai a share dandali. Yaro yana fara kokawa da sa'o'insa a kan rairayi, babu kuɗin shiga. In wani babban ɗan kokawa ya ga yana da ƙugu, sai ya jawo shi jiki. Shi zai riƙa ɗaukar masa jakar layu da gorar ruwan magani, ya taya shi ɗaura walki, ya bi shi kasuwa-kasuwa. Wahala ce, ban musa ba, har ta fi saran itacenku. Amma ubangidan ya san sunan yaron da na ubansa, yana ci da shi a ƙwarya ɗaya, yana nuna masa inda ake sa ƙafa da yadda ake karya kamun abokin karawa. Ranar da bai zo ba, aike ake yi a ji ko lafiya. Ranar da aka kayar da shi, wanda ya kayar ɗin ne yake miƙa hannu ya tashe shi.

Ta wannan hanya ake hawa daga ƙauye zuwa gunduma, daga gunduma zuwa jiha, har mutum ya shiga cikin goman da kowace jiha take kaiwa gasar Takobi, jihohi takwas, 'yan kokawa 80. An fara ta a Tawa a 1975, kuma wanda ya fara ɗaukar takobin namu ne na Maradi, Yakuba Ango Kantu, wanda filin kokawar Maradi yake ɗauke da sunansa. Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki nasa na shida a Agadas a ƙarshen 2023. A tambayi kowa, babu kantin da ya sayar masa da ko ɗaya. Laya dai ana saye, ban ɓoye maka ba, amma an sha ganin mai layu har gwiwa ya sha ƙasa a hannun wanda ya fi shi cin tuwo. In kuma faɗan ƙafa irin na Asiya kuke taƙama da shi, ku nemi labarin Abdul Razak Alfaga, ɗan Nijar da ya ciyo azurfa a taikwando a gasar Olamfik ta Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017. Ba baƙi ba ne mu a wannan fage, waya ce kawai take ba mu kunya.

Ni tun da na shigo cikinku babu wanda ya tambaye ni ina kwana. Maki kawai ake ƙirgawa. Mai rabon ganima kuma, Allah ya shirye shi, duk abin da dodo ya zubar mai kyau sai ya ce na manya ne, ni a jefo min takalmi ƙafa ɗaya.

Duk da haka ban zo yin murabus ba, don gaskiya ina jin daɗin tsallen nan na bisa rufi, kuma akwai wata mai ba da magani a cikinku, wadda ban san ƙasarta ba, da takan tsaya ta tashe ni duk lokacin da na mutu ba tare da ta yi min gori ba. Albarkacinta ne ma na rubuto da ladabi. Buƙatata kaɗan ce. A matsar da yaƙi zuwa bayan isha'i, ko a ba ni hutun damina kamar yadda kowace makarantar kirki take bayarwa, in dawo in an kai gero rumbu. A haɗa ni da babba ɗaya da zai riƙa nuna min abin da ake dannawa, maimakon a riƙa turo min rubutu mai tsawo da Faransancin da ko mushen lakwal ɗinmu sai ya gyara tabarau.

In duk wannan ya gagara, to a canza min muƙami. A filin kokawarmu akwai cali-cali, masu shiga tsakanin karawa da karawa cikin tufafin ban dariya, suna kwaikwayon 'yan kokawa suna faɗuwa da gangan, jama'a na dariya suna yi musu kyauta. Na duba jerin muƙamanku kaf, daga kai har mai gadin ƙofa, ban ga wannan kujera ba, ga shi kuwa aikinta nake yi muku kyauta tun ranar da na shigo. A tabbatar min da ita a rubuce, a yanka min kaso a ganima, ko da ɗaya ƙafar takalmin ce.

Amsarka za ta same ni a gindin gawo ranar da babu hadari.

Naka mai biyayya,
Almajirin gidan mabarata, mai jaka ɗaya,
Mai Yara, Dakoro.