Ina Ƙudajen?

Ranar Talatar nan da ta wuce na tafka kuskuren da bai kamaci mai furfura a gemu ba: na ɗauki abin da nake so na kai shi majalisa. Duk wanda ya taɓa nuna wa yayyensa mata hoton yarinyar da yake nema, yana jiran su sa albarka, ya san inda na dosa.

Fim ne na ƙasar Japan, One Cut of the Dead, irin na gawawwakin nan da ke tashi su bi mutane da cizo, sai dai shi na barkwanci ne. Sau uku na kalle shi ni kaɗai, na yi dariya har uwargida ta leƙo ta tambaya ko lafiya. Sai zuciya ta raya mini cewa abin daɗi ba a cin sa a ɓoye. Bayan isha'i na saɓi kwamfutata na nufi shagon telan da muke zama a ƙofarsa. Aka jawo benci biyu, aka ɗora kwamfutar a kan teburin yanka yadi, aka tokare ta da dutsen guga. Alfarma ɗaya tak na nema. Na ce, "Jama'a, don girman Allah kada wanda ya ce uffan sai an wuce minti arba'in." Kowa ya gyaɗa kai. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsunsa, ni kuwa mintuna kawai na roƙa.

Minti biyu aka yi.

Kawu ne ya buɗe fage. Shi tsohon ɗan kallo ne, tun zamanin da ake cika silimar Plaza da El Dorado, kuma a wurinsa fim ba ya zama fim sai da abu uku: ɗan wasa, da bos, da malamin ɗan wasa da za a kashe tun farko don a samu dalilin ramuwa. Ya ƙura ido ya ce, "Ashe Chanis ne. To wane ne ɗan wasan?" Na ce, "Kawu, ba Chanis ba ne, mutanen Japan ne." Ya ce duk kanwar ja ce. Ya tambayi sunan abubuwan da ke tafiya suna jan ƙafa, na ce zombi ake ce musu. Ya ce, "Ai daga jin sunan ka san zamba ce." Daga nan ya jingina da bango yana jiran kareti. Da wata mata a fim ɗin ta nuna yadda ake kuɓucewa idan an riƙe mutum ta baya, sai ya miƙe zaune ya ce, "Yauwa, yanzu aka fara." Da ya ga ba a ci gaba da duka ba, ya koma ya jingina.

Ƙanin matata, ɗan jami'a, tun da aka kunna bai ɗaga kai ya dubi fim ɗin ba. Wayarsa yake kallo. Shi irin mutanen nan ne da ba sa sanin miya ta yi daɗi sai sun ji abin da maƙwabta suka ce. Can sai ya ɗago ya ce, "Yaya, ka san nawa aka kashe a fim ɗin nan kuwa? Yen miliyan 3. Wajen dala 25,000 ke nan. Kwana takwas suka yi suna ɗauka. A Amurka wannan ai ko kuɗin shayin ma'aikata bai kai ba."

Wallahi da idona na ga fuskoki sun sauya. Telan da yake ta murmushi ya haɗiye murmushinsa kamar wanda aka kama yana cin tuwon sadaka. Abin da minti ɗaya baya ake kallo da sha'awa ya koma ana kallon sa da tausayi. Mu dai ba ma dariya sai mun ji farashi. A faɗa mana an kashe dala miliyan ɗari, ko bango aka nuna mana awa biyu sai mu ce akwai hikima a ciki.

Amma duk wannan sharar fage ce. Babban alƙalin daren shi ne maƙwabcinmu mahauci.

Tun da jini ya fara fallatsa a fim ɗin yake tsaki ƙasa-ƙasa. Da aka sare wa wani hannu, sai ya ɗaga nasa hannun ya ce a tsayar. Na tsayar. Ya matso har hancinsa na neman taɓa gilashin, ya daɗe yana dubawa, sannan ya juyo ya ce, "Malam, wannan zoɓo ne." Na ce to, Sarkin Fawa, ai kowa ya san ba jinin gaske ba ne. Ya ce ba nan gizo ke saƙa ba. Shekararsa ashirin da ɗoriya yana yanka, jini ba ya daɗewa a ƙasa yake daskarewa, ya yi gudaji, ya koma baƙi-baƙi. Wannan kuwa tun ɗazu ja wur yake kamar yanzu aka sauke shi daga tukunya, saura kanumfari da citta. Duk wannan ma, in ji shi, zai iya yafewa. Abin da ba zai yafe ba ɗaya ne.

"Ina ƙudajen?"

Aka yi tsit.

Ya ce ga gawa, ga jini, ga rana tsaka, ga kango ba ƙofa ba taga, amma babu ƙuda ko ɗaya. Shi ko tsokar naira ɗari ya ajiye a teburi, kafin ya juya ya ɗauko wuƙa an taru ana walima. A nan kuwa mutum ya mutu, ya tashi, yana yawo da rabin wuya, amma ƙuda ya gan shi ya kau da kai. Wane irin rainin hankali ne wannan?

Na so in ce masa mutumin da ya yarda gawa ta tashi ta yi gudu bai kamata ƙuda ya hana shi barci ba. Ban samu dama ba, domin majalisa ta riga ta karɓi batun hannu bibbiyu. Tela ya ce wataƙila Japan babu ƙuda saboda tsabta. Kawu ya ce ƙarya ne, babu ƙasar da Allah bai ba ta rabonta na ƙuda ba, sai dai a ce nasu masu tarbiyya ne, ba sa sauka sai an yi musu izini. Ɗan jami'a ya ce matsalar kuɗi ce, da a Amurka ne da kwamfuta za a zana ƙudajen ɗaya bayan ɗaya. Mahauci ya ce wace kwamfuta, su zo rumfarsa da buhu ya cika musu kyauta, ko kuɗin mota ba ya so, sunansa kawai za su rubuta a ƙarshen fim. Nan take aka shiga lissafin ƙuda nawa gawa ɗaya take buƙata. Aka tsaya a kan ɗari biyu ga sabuwa, ɗari biyar ga wadda ta kwana. Aka kuma yi gardama a kan ko ƙudan da ya sha jinin zombi shi ma zai zama zombi, idan kuma ya zama, wa zai ciza, tunda ba shi da haƙori. Duk wannan fim na tsaye, wata baiwar Allah ta daskare a gilashi da gatari a hannu tana jiran mu gama.

Da ƙyar na samu aka ci gaba. Daga nan kowa ya zama darakta. Me ya sa kyamara ke rawa? Me ya sa suka yi cirko-cirko suna kallon juna ba mai magana? Wancan da ya fice a guje ina za shi? Jini ya fallatsa a idon kyamara, wani hannu ya goge, tela ya ce ko 'yan diramar firamare sun fi wannan iya rufa wa kansu asiri. A minti na 37 sunaye suka fara hawa. Kowa ya miƙe yana kakkaɓe riga. Na ce, "Jama'a ku zauna, ba a gama ba, saura awa guda." Kawu ya ce shi tun ba a haife ni ba ya san idan rubutu ya hau an tashi. Aka yanke hukunci a tsaye: ɓata lokaci, ɓata caji, babu ɗan wasa, babu ƙuda. Aka watse. Daga ni sai yaron shago da ke gefe yana sa maɓalli.

Wanda bai kalla ba ya tsallake abin da zan faɗa yanzu. Na san ba zai yi muku wuya ba, tsallake ai sana'arku ce.

Waɗannan mintuna 37 ɗauka ɗaya ce, ba a kashe kyamara ba ko sau ɗaya, a wata tsohuwar matatar ruwa da aka daina amfani da ita. Bayan sunayen sai labari ya koma baya da wata guda, a ga yadda wata tashar talabijin ta ɗora wa wani darakta mai sauƙin kai aikin yin fim ɗin kai tsaye, ba yanka ba gyara. Sannan a sake nuna maka abin da ka riga ka gani, amma ta bayan fage. Duk abin da majalisarmu ta kira shirme yana da dalili. Wanda ke tangaɗi kamar gawa ashe ya sha ya bugu ne, ana tallabe da shi ta baya. Wanda ya fice a guje gudawa ce ta taso masa. Cirko-cirkon nan kuwa, wani ne a bayan kyamara ya ɗaga musu allo cewa su ja lokaci, abu ya lalace. A ƙarshe da ƙarfen ɗaga kyamara ya faɗi ya karye, ma'aikatan ne suka hau kafaɗun juna aka miƙa ta sama. Yaron shago ya yi dariya har ya soki kansa da allura. Daraktan gaskiyar, Shinichiro Ueda, da gangan ya gina rabin farko a karkace don rabi na biyu ya yi aiki. Wato fim ne da aka ɗana wa masu saurin baki tarko, mu kuwa muka faɗa da ƙafa biyu, muka fito muna yi wa tarkon gori.

A nan ne raina ya ɓaci da gaske, kuma ba don fim ba. Waɗannan mutanen dai, a wannan bencin dai, haka suke yi wa komai. Kan labari kawai za a karanta a waya, kafin a kai layi na biyu an ɗaure mutum an yanke masa shekaru. A ji rabin abin da ya faru tsakanin miji da mata, a raba laifi, a raba 'ya'ya. Yaro ya buɗe ƙaramar sana'a, kwana uku ba a yi ba an ce ba za ta kai watan gobe ba. Babu mai haƙurin jin ƙarshen zance, domin wanda ya jira ƙarshe wani zai riga shi magana, kuma a wurinmu a riga ka magana ya fi a kama ka da ƙarya ciwo. Na taɓa ganin an zubar wa mutumin kirki mutunci a wannan ƙofar shagon a kan saƙon murya na daƙiƙa talatin, da cikakken ya fito babu wanda ya taka ya ba shi haƙuri.

To, Laraba da daddare na dawo na tarar iska ta juya. Yaron shago ya ba su labarin sauran, ɗan jami'a kuma ya ƙara latsa waya. Ashe fim ɗin da aka fara nunawa a 2017 a wani ɗan ɗakin kallo mai kujera 84 a Tokyo, na kwana shida kacal, shi ne ya dawo a 2018 ya tara sama da yen biliyan 3 a Japan kaɗai, ninki dubu na abin da aka kashe. Ashe har Faransawa sun sake yin nasu, wanda Michel Hazanavicius mai kyautar Oscar ya shirya, aka buɗe bikin finafinai na Cannes da shi a 2022. Da jin biliyan sai kowa ya tuna cewa shi da ma ya faɗa. Tela ya ce tun daga rawar kyamarar nan ya gane akwai wata a ƙasa, don dai bai so ya ɓata wa mutane kallo ba ne. Ɗan jami'a ya yi mini lacca a kan yadda ƙaramin jari ke haifar da basira, har ya kawo misalin Night of the Living Dead na George Romero a 1968, da Ojuju da C.J. Obasi ya yi a Legas a 2014, kamar ba shi ne jiya yake lissafin kuɗin shayi ba. Har zuwa wannan lokaci, a lura, babu ɗayansu da ya kalli awa gudan da ta rage.

Kawu bai shiga wannan ba, shi wata gardamar ya tayar, wadda ta cinye mana sauran daren: me za a kira zombi da Hausa? Tela ya ce fatalwa. Kawu ya ce fatalwa ba ta cizo, tsorata mutum kawai take yi ta ɓace, kuma ba a taɓa jin an sare ta da gatari ba. Wani ya ce maye. Aka ce maye kurwa yake kamawa, kuma da ransa, har kasuwa yana zuwa. Ɗan jami'a ya ce asalin abin daga Haiti ne, gawar da boka ke tayarwa ta yi masa bauta a gona. Kawu ya ce to wannan ai ɗan ƙwadago ne da ba a biya ba, muna da su da yawa. Aka ƙare a kan cewa laifin dangi ne, da an yi wa mamaci sutura an kai shi makwancinsa a kan lokaci da duk haka ba ta taso ba.

Mutum ɗaya ne bai motsa daga inda yake ba, kuma tun daga ranar nake ganin girmansa. Aka ce masa, Sarkin Fawa, ka ji fa biliyan uku. Ya ce ko tiriliyan ne. Aka ce ai jinin ma a cikin labarin na bogi ne, an nuna masu watsa shi ta bayan kyamara, ka ga ke nan ka yi gaskiya, zoɓo ne. Ya yi shiru, ya sosa ƙeya, ya ce to idan zoɓo ne ai ƙudan ma sai ya fi yawa.

Na sa Asabar bayan isha'i za a sake kunnawa, daga minti na 38. Tela ya yarda zai ja ƙofa ya riƙe makulli, waya kuma a kwando za a tara. Mahauci ya ce zai zo, amma da sharaɗin in nemo na Faransawan ma, yana so ya ƙirga.