Sannu da Ƙoƙari, Alhaji Mai Mota

Madalla da kai, Alhaji, mai tawakkalin da ya fi na kowa. Ka sayi mota ta miliyoyin naira, ka sa mata baƙin gilashi da sabbin tayoyi, amma da aka zo kan inshorar naira 15,000 ta shekara guda, sai tsentseni ya kama ka. Masu raunin zuciya su ne ke biya. Ko da hukumar kula da inshora ta NAICOM ta ɗaga kuɗin daga naira 5,000 a farkon 2023 ba su fasa ba, wai don in sun lalata dukiyar wani, kamfani ya biya shi har naira miliyan 3. Kai ka fi ƙarfin wannan tsoro. Dokar da ta wajabta inshorar ma asalinta tun 1945 ne, zamanin Turawa. Ina mai hankalin da zai ɗaure kansa da dokar da ta girmi mahaifinsa?

Ga ka da dabara. Ba ka fita titi hannu rabbana. Ka ba wani yaro na goro a bakin ofishin lasisi, ya bugo maka takarda mai hatimi wadda babu kamfanin da ya san da zamanta. Ta ishe ka miƙa wa ɗan sanda a shinge, balle tun da suka matsa da bincike a Fabrairun 2025.

Amma ranar tsautsayi ce gwanintarka ta fito fili. Ka kwashe mai adaidaita sahu a shataletale, keken ya lanƙwashe, ƙafarsa ta karye. Kafin ya gama salati ka riga ka fito da muryar manya: "Kai makaho ne? Ka san kuɗin fitilar nan?" Wannan shi ne sanin makamar shari'a, wanda ya riga ɗaga murya shi ke da gaskiya. Da jama'a suka taru, dattawa suka ce a yi haƙuri, a yi sulhu, kada a kai ga hukuma, sai ka nuna dattaku ka amince. Ka san sarai abin da mai adaidaita sahun nan yake tsoro. In aka je ofishin 'yan sanda za a tsare keken, keken kuwa ba nasa ba ne, mai shi yana jiran balas kowace yamma. Saboda haka ka zaro abin da bai kai kuɗin hoton ƙashi ba, ka ce a kai keken wajen bakanike za ka aiko da sauran, ka bar lambar wayar da ba ta sake shiga ba. Allah ya saka da alheri!

Dubi albarkar da ta biyo baya. Maimakon ya wahalar da likitocin asibitin ƙashi na Dala, an kai shi wajen mai ɗori, ƙafar ta haɗe a karkace. Matarsa ta rage cunkoson ɗaki, ta sayar da gado da kwanuka. Babban ɗansa ya huta da zuwa makaranta, ya koyi tallar ruwan leda. Duk a sanadinka.

Iliminka ma abin jinjina ne. Kana cewa ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Malamai dai sun karantar da cewa kisan kuskure yana da diyya ta raƙuma 100 a kan dangin wanda ya yi, ga kaffarar azumin wata biyu a jere, raunuka suna da nasu hukunci, kuma wanda ya ɓarnata dukiyar wani sai ya biya ko da bai yi da gangan ba. Kai ka tsallake wannan babi, ka riƙe na haƙuri, shi ma ka ɗora wa wanda ka karya. Ka ce inshora haramun ce. Da aka gaya maka akwai takaful, wadda aka tsara bisa shari'a, kuma NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta tun 2013, sai ka tuna kana sauri.

To Alhaji, yafiyar da aka karɓa daga bakin mai karaya yana kwance a kan kwalta ba yafiya ba ce. Haƙƙin ƙafar nan da keken nan yana wuyanka. Ka nemo mai adaidaita sahun ka biya shi, sannan ka je ka yi inshorar gaske kafin ka sake tayar da motar.